Shirun Malam

Litinin, bayan azahar

Yau na fara zagayen duba ɗalibanmu da ke koyarwar gwaji. Makarantar farko wata firamare ce a bayan tashar mota, yara sun fi ƙarfin benci, wasu a ƙasa suke zaune. Wadda na je dubawa ita ce Doguwa, kuma duk kwalejinmu an san babu kamarta a cikin 'yan shekarar ƙarshe. Darasin sassan tsiro take yi. Ta zo da tsiro har da saiwarsa, ta ɗaga shi sama, ta tambayi yara me suka gani, ba ta yi musu gaggawa ba. Ina zaune a baya ina jin daɗi har cikin raina.

Sai a tsakiyar magana ta ce, "Ita saiwa, aikinta shi ne..." ta tsaya. Ta juya ta fuskanci taga, alli a hannu, ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har yara suka fara leƙen tagar su ma, ko wani abu ne ke wucewa. Ba komai a wajen sai katanga da wayar lantarki. Can ta juyo, ta sake yin tambayar da ta riga ta yi, wadda an riga an amsa mata.

Bayan an tashi na ce, "Lafiya kuwa? Ko kanki ne ke ciwo?"

Ta yi murmushi. "A'a Malama, ai shirun Malam ne. Shirun tunani. Dama ake ba yara hankalinsu ya kamo abin da kansa."

Na daɗe zaune a mota ban murɗa makulli ba.

Litinin, da yamma

A kwalejinmu in aka ce Malam ba a ƙara komai ba, mutum ɗaya ake nufi. Shi ke koyar da falsafar ilimi tun kafin a gina sabon ɓangaren azuzuwa. Ya koyar da ni, ya koyar da shugaban sashenmu, ya koyar da rabin mutanen da ke shan shayi a ɗakin malamai. Ya yi ritaya tuntuni, aka roƙe shi ya ci gaba da riƙe aji ɗaya, na 'yan shekarar ƙarshe, don ba wanda ya iya tunanin ajin ba shi.

A cikin ra'ayoyin da yake koyarwa akwai wanda shi ne nasa. Cewa hankali shi ne asali, kuma gaskiya da kyawun hali suna nan kwance cikin yaro, aikin malami ya tashe su. Kuma ba da baki ake tashinsu ba. Yakan ce, "Yaro ba abin da ka faɗa yake ɗauka ba, kai yake ɗauka ya tafi da kai gida. To ka duba wa kake ba shi." Mun rubuta wannan a jarrabawa, mun ci maki da shi, mun yarda da shi. Ni har yau na yarda da shi.

Shi ne ya sa mini suna Sarkin Musu, saboda ban taɓa barin maganarsa ta wuce ban ja ta ba. Har yanzu haka yake kirana a gaban ɗalibaina.

Laraba, da hantsi

Wani ɗalibin ma ya yi shirun nan, a darasin lissafi. Shi har da ɗora hannu a kan ƙarfen taga.

Alhamis, bayan la'asar

Na shiga ajin Malam na zauna a baya, na ce masa marmarin karatunsa nake yi. Ya ce, "Sarkin Musu ta zo, kowa ya gyara zama."

Farkon darasin kamar da ne. Muryar nan tana nan, tambayoyin nan da ke sa mutum ya ji kamar shi ya gano abin da kansa suna nan. Sai ya zo tsakiyar jimla, ya tsaya, ya juya wajen taga. Daga inda nake ina ganin gefen fuskarsa. Na san fuskar Malam in yana tunani, gira yake haɗewa, leɓensa na motsi. Wannan ba ita ba ce. Fuskar mutumin da mota ta sauke a unguwar da bai sani ba ce.

Na kalli ɗaliban. Ko tari babu mai yi. Sun zuba masa ido cikin girmamawa, Doguwa har da gyaɗa kai a hankali. Da ya juyo ya sake tambayar da ya yi, hannuwa suka tashi, kowa na ganin wata hikima ce a ciki.

Ba yau na fara gani ba. Tun zangon da ya wuce ya tsaya a baranda ya tambaye ni hanyar ɗakin malamai, sai ya mai da abin wasa, ni ma na taya shi dariya. Duk mun sani, ba wanda ya taɓa furtawa.

Asabar, da safe

Baban yara ya ce kwana biyu ina amsa masa magana kamar mai amsa waya a kasuwa. Na gaya masa sama-sama. Ya ce, "Kina mamakin yaran nan? Ke fa? Cokali ma irin riƙon allinsa kike masa. In na tambaye ki ina makullina, sai ki ce, 'To, kai me ka gani?' Ni na auri mace ɗaya, ashe har da dattijo aka haɗo mini."

Na yi dariya, daga baya na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Litinin, da azahar

Shugaban sashe ya kira ni ofis. Agogo muke ce masa, don ko gaisuwa yake amsawa idonsa na kan tsintsiyar hannunsa. Yau bai duba ba ko sau ɗaya, abin da ya fi tayar mini da hankali kenan.

Ya ce shugabar wata makaranta ta yi masa waya, tana tambaya ko sabon salon koyarwa ne muka fito da shi, malami ya bar yara ya tafi kallon taga. Ya ce, "Malama, abin nan ya fita daga cikin gida. Dole ajin ya koma hannun wani."

Na ce, "To ai kai ne shugaba."

Ya ce, "Ni ba zan iya kallon idonsa ba. Ke ce 'yar gaban goshinsa. Daga bakinki zai fi yi masa sauƙi."

Sauƙi! Wato don ya fi ƙaunata, ni ce zan riƙe wuƙar. Na ce masa kujerar da yake kai ba don sa hannu a takardar hutu kawai aka ba shi ba. Bai yi fushi ba, ya dai sunkuyar da kai. Da ya yi fushi da na fi jin daɗi.

Talata, da yamma

Na ga Malam a bakin ɗakin karatu. Ban faɗa ba.

Laraba, bayan la'asar

Na je gidansu. Malam na barci, Mama na gugar rigarsa ta gobe a falo. Matarsa ce, amma mu duka Mama muke ce mata, don babu ɗalibinsa da bai ci abincin hannunta ba.

Ban kai ga buɗe baki ba ta ce, "Na san abin da ya kawo ki, 'yar nan. Zauna."

Sun je asibiti tun watannin baya. Ta gaya mini abin da likita ya ce. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Ta ce, "Ranar da yake da aji, tun kafin in tashi ya yi wanka, yana neman takalminsa, yana mini faɗan na ɓoye masa tabarau. Mutumina yake dawowa. Ranar da babu aji kuwa, yawanci a kujerar can yake wuni, in na yi magana ya kalle ni kamar baƙuwa. Ajin nan ne ke riƙe da shi. In kun karɓe, me kuka bar mini?"

Na ce, "Mama, yaran suna kwaikwayonsa."

Ta ce, "To da wa za su kwaikwaya? Ba haka ya koya muku ba?"

Ta ci gaba da guga. Kwalar rigar ta yi ta bi, ta sake bi, alhali ta riga ta kwanta.

Alhamis, da hantsi

Yau ma ban faɗa ba. Malam ya yi mini wasa a baranda, ya ce na rame, ko musu ne ya ƙare mini.

Jumma'a, da safe

Na koma duba Doguwa. Na ce ko zan iya kashe abin daga nan ƙasa, ba sai an taɓa shi ba.

Ta tambayi yara wane sashe na tsiro ne ke shan ruwa. Wata 'yar ƙaramar yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce saiwa. Daidai. Doguwa ta fara bayani, ta tsaya, ta tafi taga, ta dawo, ta sake tambayar. Yarinyar ta kalli ƙawayenta, ta kalli malamarta. A ganinta ba za a sake tambaya ba sai in amsar farko kuskure ce. Ta ɗaga hannu a hankali ta ce, "Ganye." Sauran suka amsa gaba ɗaya, ganye.

Doguwa ta gyara musu, amma yarinyar ba ta sake ɗaga hannu ba har aka tashi.

Na ja Doguwa gefe na ce ta daina shirun nan da maimaita tambaya, suna rikita yara. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce, "Malama, ki yi haƙuri. Malam ya ce mu dubi yadda malami yake, ba abin da ya faɗa kawai ba. Mun duba, haka yake yi. Ko kina nufin Malam bai san abin da yake yi ba?"

Ni da ake kira Sarkin Musu, sai kawai na ce ta je ta sha ruwa.

Lahadi, bayan azahar

Yarinyar nan ta san amsa, muka sa ta janye. Shi ke ta dawo mini.

Ina jin haushin Agogo, ina jin haushin Mama, ina jin haushin ɗaliban nan da ba su iya bambanta tunani da ɓacewa ba. Amma wa ya ce musu su bambanta? Mun ce musu ga abin koyi nan, ku dube shi. Suka duba da zuciya ɗaya, har suka fi mu. Ban taɓa tambayar Malam ba, a duk musun da na yi da shi, me ɗalibi zai yi in abin koyin ya fara tsagewa. Da na tambaya a lokacin da zai iya amsa mini.

Litinin, da yamma

Ban faɗa ba. Amma na roƙi Malam ya raka ni duba ɗalibai gobe, na ce idona ya gaji, ina son nasa. Ya ji daɗi ƙwarai. Allah ya yafe mini in dabara ce ta matsorata.

Talata, bayan la'asar

Malam ya tashi garau yau, tun a mota yana ba ni labarin shekarar da rufin ajinmu ya yi yoyo muka yi darasi a tsaye. Muka zauna a bayan ajin Doguwa, a kan benci ɗaya, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Ganin Malam ya sa ta ƙara ƙaimi. Ya yi ta gyaɗa kai, ya raɗa mini, "Wannan malama ce."

Sai ta tsaya a tsakiyar jimla, ta juya wajen taga.

Ban kalle ta ba, shi na kalla. Da farko ya haɗe gira, kamar zai rubuta mata gyara. Ta sunkuyar da kafaɗar hagu, ta bar hannun allin yana lilo, daidai yadda yake yi, ba ta bar komai ba. Ta juyo ta maimaita tambaya. Na ji numfashinsa ya canza.

Ya ce a hankali, "Wannan ni ne."

Aka tashi, muka shiga mota, muka hau titi. Ya ce, "Ita kaɗai ce?"

Na ce, "Da yawa ne, Malam."

"Suna tsammanin me nake yi?"

"Tunani."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Ku kuma tun yaushe kuka sani?"

Na ƙura wa titi ido.

Ya ce, "Kun ji kunyata, ba ku ji tausayin yaran ba. Ke ma, Sarkin Musu? Ranar da ya kamata ki yi musu da ni, ranar kika yi shiru."

Na tsayar da mota a gefen hanya don ba na ganin gabana. Bai rarrashe ni ba. Ya jira na gama, sannan ya ce, "Jibi ki zo ajina, ki tsaya a bakin ƙofa. Zan gaya musu da bakina. In na ɓace a hanya, ki gaya mini inda nake, da ƙarfi, kowa ya ji. Kada ki rufa mini asiri. Ki faɗa wa Mamanku yau, don wataƙila gobe ba zan tuna na ce haka ba."

Laraba, da yamma

Mama ba ta amsa gaisuwata ba. Amma ta ce za ta tuna masa.

Alhamis, bayan azahar

Malam ya shigo sanye da rigar da Mama ta goge, bai taɓa allo ba. Ya ce musu yau ba sabon darasi, gyara ne na wani tsoho. Ya ce ya koya musu cewa ɗalibi malaminsa yake ɗauka, kuma bai janye ba. Ya ce amma akwai abin da ya rage bai faɗa ba, cewa wanda ake koyi da shi wajibi ne ya zama farkon mai cewa, nan kada ku bi ni.

"Kwanakin nan kuna ganin ina tsayawa," ya ce, "ina duban..."

Ya tsaya. Ya juya wajen taga.

Ajin ya yi tsit irin na kullum. Na ga wasu sun gyara zama suna jiran hikima. Na daɗe ina tsoron faɗa masa a keɓe, yau ga shi sai a gaban aji guda. Na ji muryata ta fito, ta fi yadda na so ƙarfi.

"Malam, kana ajin 'yan shekarar ƙarshe. Kana gaya musu ne cewa in ka yi shirun nan, ɓacewa kake yi."

Ya juyo ya dube ni kamar zai tambayi ko ni wa ce. Sannan na ga ya dawo cikin idonsa. Ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Kun gani? Shi ke nan abin. Ba tunani nake ba, 'ya'yana. Ban san inda nake ba ne, ina jiran abin ya dawo. In na sake tambaya, mantawa na yi an amsa. Ciwo ne, ba salo ba. Wanda ya kai shi gaban yara, ya je ya gaya musu kuskure ne, kuma ya ce daga wurina ya samo."

Doguwa ta kifa kai a kan tebur. Wani daga baya ya ce, "Malam, ka yafe mana." Ya ce, "Me kuka yi? Kun yi abin da na ce ne."

Ya gaya musu daga mako mai zuwa ajin nawa ne, kuma su shirya, don ni ba na barin magana ta wuce. Wasu suka yi dariya cikin kuka. Ya fita da ƙafarsa, bai yarda na riƙe masa hannu ba.

Jumma'a, da hantsi

Agogo ya ce na kyauta. Na ce kada ya sake faɗa mini haka.

Litinin, da yamma

Na kira Mama. Ta ce tun ranar yana kujera. Ya ci abinci kaɗan. Bai nemi takalminsa ba.

Na ce, "Mama, ki yafe mini." Ta ce, "Shi ya zaɓa, 'yar nan." Sai ta kashe wayar.

Laraba, bayan la'asar

Doguwa ta ce ta gaya wa yaranta. Ta ce sun yi mamaki malama ta ce ta yi kuskure.

Gobe ne ajina na farko da su. Na shirya darasin, na yaga, na sake shiryawa.

Alhamis, da azahar

Ban daɗe da farawa ba sai ɗalibai suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Na juya. Malam ne a bakin ƙofa, cikin gogaggiyar riga, da tabarau. Can nesa a baranda Mama ce tsaye, ta haɗa tafin hannuwanta tana ba ni haƙuri. Ashe ya tashi da safe ya ce yau Alhamis, yana da aji, ta kasa hana shi.

Ya dubi ɗaliban, ya dube ni, ya dubi allin da ke hannuna. Na san duk abin da na yi a wannan lokacin, idanun nan za su ɗauka su tafi da shi. Na ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ga wuri."

Ya wuce ta tsakanin tebura ya je can baya ya zauna, inda mai duba ɗalibi ke zama. Ya harɗe hannuwa ya ce, "Ci gaba, kada ki damu da ni."

Na ci gaba. Ban san yadda na kai ƙarshe ba. Da aka tashi ba wanda ya fita. Ya yafito ni da hannu, na je na durƙusa kusa da bencin.

Ya ce, "Kina ɗan sauri, 'yata, kuma kina mantawa da 'yan gefen hagu. Ki gyara wannan. Amma kina jiran amsa, ba kya ƙwace wa ɗalibi magana daga baki. Ba kowa ke da wannan ba. Wa ya koyar da ke?"

Na faɗi sunansa, cikakke, yadda yake a rubuce a ƙofar ofishinsa.

Ya maimaita shi a hankali, ya ɗan yi tunani, ya girgiza kai.

"Ban san shi ba," ya ce. "Amma in kin gan shi, ki ce masa ya yi aiki."

Na ce zan faɗa masa.